Fitilun Gwangwani a Garkar Inna

Ina aji uku a firamare, ranar da ruwan farko na daminar shekarar ya sauka a Argungu, na dawo daga makarantar allo da la'asar na tarar da Inna tsugune a bayan ɗaki. Ta tara gwangwanayen madara a gabanta tana faɗaɗa hujinsu da ƙusa, ga tsohon zanenta ta yayyaga shi siri-siri. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kulu, aje allon ki zo ki murza min lagwani." Muka zuba wa kowane gwangwani kananzir kaɗan, muka zaunar da shi cikin fasasshiyar tukunya don kada iska ta kashe, sannan muka jera su a ƙasa, gefe da gefen 'yar hanyar da ta ratsa garkarmu. Da aka kira magariba ta ƙyasta ashana. Wayyo, ni a ranar gani nake duk garin babu gidan da ya kai namu kyau.

Garkar tana bayan gida, tsakaninmu da hanyar da ta gangara kogi. Inna tana shuka kuɓewa da yakuwa da barkono, da rani kuma irin albasa. Akwai gwaiba guda, akwai wata rijiya marar ginin baki a gefe, wadda hanyar take kauce mata kamar ana kewaye mai barci. Ta nan Baba yake shigowa kullum bayan magariba, homarsa ta kamun kifi a kafaɗa. Jirgi ɗaya suke shiga da wansa, Baba Arzika, tun suna samari.

Ba a yi kwana nawa ba Inna ta gaya min dalilin fitilun, don ta kama ni ina ɗauke ɗaya zan je kallon kwaɗi. Ta murɗe min kunne, ta ja ni gindin gwaiba. Ashe dundumi ya kama Baba. Da rana yana gani, amma rana na faɗuwa sai duniya ta rufe masa. Daga kogi zuwa ƙofar garka yana bin muryoyin abokan tafiya, cikin garkar ne yake shi kaɗai da rijiya. A wurin masuntanmu kuwa, duk wanda idonsa ya raunana, manya sukan sauke shi daga ruwa. Ba mugunta ba ce, kogi ne ba ya wasa. Sai dai wanda aka sauke ya zama ɗan zaman zaure ke nan, yana ɗinke komar wasu har ƙarshen ransa. Baba a lokacin ko furfura bai fara ba. Inna ta ce, "In maganar ga ta hita bakinki, ke kin sauke babanki."

Na riƙe bakina, ni da ake kira rediyo a gida. Kunna fitilu ya zama aikina, bayan shara da ɗebo ruwa da kora awaki. Matan unguwa kuwa suka samu abin yi. Wata ta leƙo ta kan darni ta ce Inna ta mai da garka gidan gwamna, wata ta ce kananzir ya yi mata yawa. Inna sai ta yi dariya ta ce, "Kuɓewata ce ka tsoron duhu." Mu yara daɗi kawai muka sha. In an yi ruwa gina ta fito, fitilunmu take rufewa, mu ajiye kwanonin ruwa muna kamawa, Inna ta soya mana da gishiri, baki ya yi ta maiƙo. Muna tsallake-tsallake tsakanin fitilu, wanda ya kashe ɗaya da iskar zanensa ya sha ranƙwashi. Can sai a ji sallamar Baba, ya taho tsakiyar layin wuta, kansa a sama, tafiyarsa ta ƙasaita, babu mai cewa komai na damunsa. Duk lokacin da na gan shi haka sai in ji kamar in fashe don alfahari.

Abin ya lalace ne a wani azumi da ya faɗo cikin zafi, kuma alheri ne ya lalata shi. Ɗan Baba Arzika ya dawo daga Birnin Kebbi da fitilar gas, irin wadda ake bugawa tana huci. Baba Arzika ya ce a garkarmu za a sha ruwa ranar, don ta fi iska, a kuma ga fitila. Ya fito daga kogi da wuri, ya bar Baba yana ɗaure jirgi. Aka rataye fitilar a reshen gwaiba, wuri ya yi fari fat. Ya dubi gwangwanayenmu ya ce, "Ku kwashe waɗanga, hayaƙi shina damun mutane." Samari suka hure su, suka tara a gefe, suka shimfiɗa tabarmi. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta ciji gefen mayafinta. A wurinmu mace ba ta mayar wa wan mijinta magana, balle a gaban maza. Ta mintsine ni ta ce in ruga in tarbe shi, amma kafin in tsallake tabarmi Baba ya riga ya iso.

Ya yi sallama, ya tsaya, ya kare fuska da hannu. Ya yi 'yar dariya ya yaba fitila. Na san abin da yake nema a ƙasa, babu shi. Da ya ji an yi shiru ana jiransa, sai ya ɗaga kai ya tako kamar kullum. Ya bi ta cikin irin albasa yana tattakewa, ya miƙe sak. Baba Arzika ya daka tsawa, "Manu, rijiya!" Baba ya tsaya cak, yatsun ƙafarsa a bakin rijiyar, homar ta suɓuce ta faɗa ciki. Har yau ina jin ƙarar faɗawarta. Kunu ya huce a kwanoni babu wanda ya taɓa. Da Baba Arzika ya yi magana, a hankali ya yi ta, idonsa cike da hawaye: "Tun yaushe, ƙanena?" Bayan Salla aka sauke Baba daga ruwa. Ya zauna a zaure da allurar ɗinkin koma, ya daina waƙar da yake yi in yana wanke ƙafa, ya daina tsokanar Inna a kan gishirin miya. Na yi kuka a ɓoye har na gaji.

Yau Inna ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta. Baba yana wurina a Gwadangaji, idon ya rufe gaba ɗaya. Ina da ɗan lambu a tsakar gida, na jera masa fitilun sola masu tsini da ake cakawa a ƙasa, ba kananzir, ba ashana, rana na faɗuwa su kama da kansu. Kwanan baya na riƙo hannunsa bayan magariba muka fito shan iska, ina ta ba shi labarin kyansu. Ya ce, "An kunna?" Na ce tun ɗazu. Ya sunkuya ya laluba har ya kama ɗaya, ya riƙe ta jim. Ya ce, "Wagga sanyi gare ta. Ta innarku, ƙarshe-ƙarshe ba ganinta nikai ba, ɗuminta nika ji ga ƙwauri in bi."

Na ce gobe-goben nan zan nemo gwangwanaye da kananzir in jera masa irin na da. Ya saki fitilar, ya miƙe, ya karkaɗe hannunsa a riga.

"Bari, ɗiyata. In bi su in tahi ina?"

Na bi layin fitilun da ido. Hanyar lambun nawa a jikin katanga ta ƙare.