Kwalbar da Ake Buɗe wa Malam Sha'aban

Duk wanda ya yi suna ko walima a Zongon Kumasi cikin shekara talatin ɗin nan ya san Malam Sha'aban. Ba babban malami ba ne, ba shi da makaranta, ba ya hawa mumbari. Abin da Allah ya ba shi murya ce, da ido mai karanta rubutun hannu komai ƙanƙantarsa. Alƙur'anin da yake yawo da shi na kakansa ne, wanda ya zo da shi daga Kano zamanin fataucin goro, kuma ya fi ƙaunar kallon shafukansa fiye da komai a duniya.

A Zongo ba a sallamar malami da busasshen baki. Da an shafa fatiha, maigida zai ɗauko kwalbar lemo mai sanyi, wadda suke kira minaral, ya buɗe a gaban jama'a, ya miƙa wa malam kafin kowa. Ran Asabar Malam yakan zaga gida huɗu, daga Asawase har Buokrom, kowane gida da kwalbarsa. Haka ciwon sukari ya shige shi, sannu a hankali ya hau idonsa.

Da gwamnati ta ɗora haraji a kan lemon kwalba, 'yarsa Aziza, wadda take aikin jinya, har guɗa ta yi.

"Baba, da ma su ninka shi," in ji ta. "In ya yi tsada mutane za su rage."

"Ke Aziza, gwamnati ce ta haife ni?" Malam ya taso mata. "Bakina ne, cikina ne. Ni ba yaro ba ne koraa, ko kaɗan. In na ga dama in sha, in na ga dama in bari."

Cika baki ne kawai, shi ma ya sani. Mutumin nan ko son zaƙi ba ya yi, kokonsa na safe ma babu sukari yake sha. Sau ɗaya tak ya taɓa gwada barin kwalbar, shekara shida da suka wuce, a sunan gidan Kamaldeen mai sayar da kayan mota a Suame Magazine, unguwar makanikai. Ya ɗaga hannu ya ce ya gode, likita ya hana shi. Kafin la'asar magana ta zaga Magazine cewa Malam ya ƙi shan ruwan gidan Kamaldeen, ai kuwa dukiyar ba ta halal ba ce, kayan sata yake sayarwa. Malam ya bi shago shago yana rantsuwa cewa ciwo ne, mutane suna gyaɗa kai suna cewa malami ne, rufa masa asiri yake yi. Masu ciniki suka watse wa Kamaldeen. Har yau in sun haɗu a masallaci, kansa yake sunkuyarwa ya wuce, kuma abin yana ci wa Malam rai.

Harajin kuwa bai cece shi ba. Da lemo ya yi tsada, sai masu gida suka koma raba wa jama'a zoɓo da ruwan leda, kwalbar kuma ta zama ta malam shi kaɗai. Darajarta ta ƙaru, ƙin karɓarta ya ƙara muni.

A watan jiya likita ya gaya masa gaskiya: idon hagu ya tafi, na dama ana iya riƙe shi in ya daina yanzu. Aziza ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, don Allah ka ce musu a'a. Kai ka ce zaɓinka ne."

Ya kau da kai.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka yi suna a gidan Yasin, wani makanike da ya shekara tara yana jiran haihuwa. Malam ya buɗe Alƙur'anin kakansa, layukan suka narke masa kamar tawada a ruwa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ci gaba da karatu da ka, muryarsa ba ta yi rawa ba, ba wanda ya lura sai Aziza da ke leƙowa daga cikin mata. Ita ta ga cewa tun da ya fara bai juya shafi ko ɗaya ba.

Aka shafa fatiha. Yasin ya matso yana murmushi har kunne, ya durƙusa.

"Malam, guda ɗaya na iya saya, naka ne."

Malam ya ji ƙarar buɗe marfin. Kowa a tsakar gida yana kallon hannunsa. Ya tuna Kamaldeen, ya tuna jaririn da aka raɗa wa suna yanzun nan, da abin da za a faɗa a kan ubansa kafin la'asar. Ya miƙa hannu yana laluben iska, sai da Yasin ya kama yatsunsa ya ɗora su a kan kwalbar.

Ya rufe littafin kakansa, ya yi bisimilla, ya shanye.