Tantin da Na Saya Saboda Taubashina

Ubana da uwar taubashina ciki ɗaya suka fito, don haka ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, kuma tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana. Shi kuma ɓarawo yake ce min. Ban taɓa satar masa komai ba in ban da ƙosai da goro, amma sunan ya bi ni har furfura. A gaban surukansa na kira shi bawa, a gaban limami ya kira ni ɓarawo, ba wanda ya ɗaga kai, don kowa ya san tsakanin taubasai.

Sana'armu guda, korar raguna. In Babbar Sallah ta matso sai mu tafi kasuwar Babban Mutum, mu sayi abin da ƙarfinmu ya kai, mu haɗa da na mutanen da suka ba mu amana, mu koro su a ƙafa ta Baure, mu bi burtali mu ɓullo ta wajen Sandamu har Daura. Masu mota suna mana dariya, amma ragon da ya sha mota yakan sauko a gigice, namu kuwa yana tafe yana kiwo. Muna kwana a hanya. Shekarun da sallar take faɗowa a rani, tabarma ta ishe mu. Da ta juyo cikin damina sai muka samo tamfol, irin wanda ake rufe babbar mota da shi, tsoho, duk faci. A bushe ma jaki zai yi tsaki in an ɗora masa, balle ya sha ruwa.

Shi yake ɗauka. Ni nawa tukunya ce da sanda da baki. Kullum in za mu tashi sai na tsaya na riƙe ƙugu na ce, "Bawa, ɗauki kayan ubangidanka."

"Allah ya isa tsakanina da kawu da ya haifo ka," in ji shi, yana naɗa gammo.

Dogo ne, mai faɗin kafaɗa. In ya ɗora tamfol ɗin a ka, daga nesa sai ka ce rumbu ne ya yi ƙafa. A ƙauyukan hanya da haka aka san shi, mai tamfol. Ni ba a san ni da komai ba sai surutu.

Wata damina muna tsallake wani ɗan rafi bayan Baure sai na ji tim a bayana. Na waiwaya na gan shi a durƙushe cikin ruwa, tamfol ya danne masa wuya. Ya tashi da kansa, ya ce santsi ne. Na ce ai dama bawa ba ya ganin gabansa. Muka yi dariya. Amma da muka zauna a inuwa na ji numfashinsa yana fita da ƙara kamar zugazugin maƙera, hannunsa na hagu yana rawa a kan gwiwa, yana ɓoye shi cikin riga. Na kau da kai. Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya min a rai: kada baɗi na bi wannan burtali ba shi.

Akwai wani Ibo a Daura mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa tsabta. A bayan shagonsa yana ajiye gwanjon da ɗan'uwansa yake aiko masa daga kudu, takalma da jakunkuna da tarkace. Na taɓa ganin ya kafa wani ɗan ɗaki na yadi a ƙofar shago, ya ce tanti ne na masu yawon daji, a baya ake goya shi. Da sallar gaba ta ƙarato na je wajensa.

"Baba, wane iri kake so?"

"Wanda ba shi da nauyi."

Ya fito da wani ya miƙo min. Na zaci jakar ba komai a ciki. Ya kafa shi nan take, da wasu sanduna sirara kamar karan gero masu naɗewa, akwai roba a cikinsu. Na rarrafa na shiga. Kaina na ciki, ƙuguna na waje, 'yan acaɓa suka taru suna ba ni shawara. Da na samu na kwanta sai na ga rufin dab da hancina. Na ce masa wannan ai kabari ne, ni kuwa ban shirya ba.

"Na mutum ɗaya ne, Baba."

"Mu biyu ne. Ɗayan kuma dogo ne, ba hankali sai tsawo."

Ya kawo wani babba, mai ɗaki da zaure, mutum zai iya tsayawa a ciki. Ya yi kyau, amma da na ɗaga na ji ya kusa rabin tamfol ɗinmu, na ajiye. Muka yi ta buɗewa muna naɗewa har azahar. Wani zif ɗinsa ya mutu. Wani ba shi da shimfiɗa a ƙasa, ruwa zai bi ta ƙarƙashi. Wani ja ne wur, na ce raguna za su watse. Daga ƙarshe ya zaro wani kore daga ƙasan buhu, mai rufi biyu, na ciki raga ce ta sauro, na waje mai santsi. Na san tsawon mutumina, sandata ce da kamu biyu, na gwada a ciki, ya shiga har da saura. Na karɓi butar alwalar maƙwabcinsa na juye a kan rufin, na sa mai shagon ya zauna a ciki. Ya fito a bushe yana dariya, ya ce bai taɓa ganin mai ciniki irina ba. Na naɗe shi, bai fi ƙullin goro girma ba. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya gama jami'a, ni da ban daɗe a firamare ba aka gaji da ni.

Ranar tafiya da sassafe ya zo ƙofar gidana da gammonsa a hannu. Ya duba inda muke jingine tamfol, bai gani ba. Na nuna masa jakar a bayana, na sauke, na ce ya ɗaga ya ji. Ya saƙala yatsa ɗaya ya ɗaga ta. Ya juya ta.

"Wannan ne ɗakin?"

"Shi ne. Har da maganin sauro."

"To ni me zan ɗauka?"

"Ba komai, ɗan'uwa. Bana ka huta. Ka taho kawai."

Ɗan'uwa na ce masa. Ban san daga ina kalmar ta fito ba, tunda aka haife mu ban taɓa kiransa da ita ba. Ya dube ni, ya dubi gammon, ya cusa shi a aljihu. Ya raka ni har bakin tasha, sannan ya ce ya tuna geronsa yana son maimai, na yi gaba. Na ce wane gero, 'ya'yanka fa? Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Na yi tafiyar ni kaɗai da 'yan raguna kaɗan. Tantin bai yi yoyo ko ɗigo ba. Na kwanta a gefe ɗaya na bar ɗayan gefen, ban san wa nake bar wa ba. A kowane ƙauye sai an tambaye ni ina mai tamfol.

Shekarar nan duka Malam yake ce min. In na je zaurensa sai ya gyara min tabarma, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo. Na zage shi ta uwa ta uba, wato na zagi gwaggona da kaina, ya ce Allah ya huci zuciyar Malam. Na sace masa goro a gabansa, ya ƙaro min wani.

Da sallar ta sake zagayowa sai na yi dabara irin tawa. Na ɗauki dutsen niƙan matata, ɗan ƙaramin na sama, na haɗa da wasu duwatsu, na cusa a buhu tare da tantin, na ɗaure baki. Da kyar na kai shi ƙofar gidansa a baro. Na tsaya na riƙe ƙugu na ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"Bawa, fito ka ɗauki kayan ubangidanka."

Ya fito. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya dubi buhun, na ga bakinsa yana motsi. Ya koma ciki ya ɗauko gammo, ya ɗora a ka, ya sunkuya ya kama bakin buhun da hannu biyu. Ya ja. Buhun ya ɗan motsa ya koma. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, hannun hagun ya saki. Da a ce shekarun baya ne, da hannu ɗaya zai wurga shi a ka. Na sa hannu zan taimaka, ya buge min hannu.

Ya zauna a dakali har numfashinsa ya dawo. Sannan ya kwance bakin buhun ya leƙa. Ya zaro dutsen niƙan ya riƙe a cinya, ya fara dariya, dariyar ta koma tari, hawaye na bin gemunsa.

"Ɓarawo," ya ce. "Har dutsen matarka ka sato."

"Tashi mu tafi. Zan zubar da duwatsun."

"Ka zubar ka ɗauki abinka. Ka ga dai da idonka."

Na zauna kusa da shi. Rana ta ɗaga, motar Babban Mutum ta cika ta tashi ba ni. Can ya ce in na kai Baure na gaishe da mai shayin bakin kasuwa, na ce masa mai tamfol ya ajiye. Na ce ba zan faɗa ba, ya je ya faɗa da bakinsa. Ya ce to.

Washegari na goya tantin na tafi. Da na kai Baure mai shayin ya tambaye ni, na ce masa yana nan tafe a baya.