Darmar da Aka Samu a Dais ɗin Kawu Bawa

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ludu na bayan masallacinmu a Mamobi ya san ba a fara wasa sai Kawu Bawa ya yi wa dais wanka. Zai zaro kofin roba daga aljihu, ya dama gishiri har ruwan ya yi kauri, ya jefa dais ɗin kanti a ciki, ya zuba masa ido kamar mai duba. In fuska ɗaya ta yi ta juyowa sama, sai ya tsame shi ya ce, "Ɓarawo ne!" ya cilla shi kan rufin gidan Alhaji Tanko. Duk ranar da aka hau gyaran rufin nan, za a sharo dais cike da kwano.

Ni ce Ramatu, 'yar ƙanwarsa, a hannunsa na tashi. An ce in faɗi wani abu a kansa tunda yau ake sadakar arba'in. To zan faɗa, amma wasunku shinkafar nan ba za ta wuce musu da daɗi ba.

Mahauci ne a Kasuwar Malam Atta. Da gwiwoyinsa suka gaza, ya bar nama ya riƙe ƙashi, ya koma sassaƙa dais da ƙashin saniya. Hujjarsa ita ce na kanti an huda masa ramuka shida a gefe guda, rami ɗaya a ɗaya gefen, don haka gefen shida ya fi sauƙi, shi ke hawowa sama. Nasa ba ya hudawa, da tawada yake ɗiga masa ido. Malam Issaka tela ya taɓa ce masa, "Bawa, ai dais ɗaya muke jefawa duka. In shida ya fi fitowa, ga kowa yake fitowa."

Kawu ya ce, "Ƙaryar da aka raba daidai ta zama gaskiya ke nan? Issaka, je ka ɗinka wando."

Kun tuna lokacin da faɗa ya yi yawa a kan shida, har aka fara zagin iyaye? Sai ya kawo sabon dais. A ludu kuwa ɗa ba ya fita gida sai da shida. Tun bayan la'asar tsofaffi huɗu ke kaɗa kofi, gumi na zuba, babu wanda ya fita. Sai dab da magariba Fuseini direban trotro, motar hayar nan, ya ɗauki dais ɗin ya jujjuya.

"Ei, Bawa! Wannan abu ba shi da shida kraa, ko guda! Biyar biyu ne!"

Kawu ya ce, "To yau wa ya zagi uwar wani? Kowa na gidansa lafiya lau."

Sai kuma wanda ya yi mulmulalle kamar ƙwallo, wai kusurwa ce ke kawo son kai. Jifan farko ya bar allo, ya gangara lungu, ya faɗa babbar gota, kwatar unguwa. Kawu ya bi shi da sandarsa, ya leƙa cikin baƙin ruwan nan mai wari, ya dawo ya zauna ya ce, "Huɗu ne." Kuma ya matsa ɗansa gida huɗu, wallahi!

Ku yi dariya, ai ta dace. Amma ku tuna abu ɗaya: duk wannan bidiri, Kawu ba ya cin wasa. Shekara da shekaru kuna cinye shi kuna masa waƙa. Ba kuma a sa ko sisi a bencin nan, suna kawai ake nema.

Sai matarsa Inna Azumi ta samu shanyewar ɓarin jiki. Matar da ke tuƙa tuwon gidan biki ta koma ba ta iya ɗaga cokali sai da hagu. Ta daina magana, ta juya wa mutane baya. Ludu kaɗai ya rage abin da hannun nan zai iya. Wata safiya na iske Kawu a bayan ɗaki ya huda dais, yana ɗura masa narkakkiyar darma a gefen mai ɗigo ɗaya, don shida ta riƙa hawowa.

Na ce, "Kawu! Kai da kanka?"

Ya ce, "Rufe mini baki. Magani nake haɗawa."

Ya kai mata ya ce wannan nata ne ita kaɗai, ya yi shi daidai hannunta, shi zai jefa nasa. Jama'a, ranar na ji Inna ta yi dariya da rabin bakinta. Kullum ta cinye shi sai ta ce, "Ramatu, je ki gaya wa maƙwabta na sake kwantar da mahauci." Ta koma cin abinci, ta koma tsokana.

Kuskurensa ɗaya, a gwangwani guda yake ajiye su duka. Wata Juma'a ya zo benci ya zaro nata bai lura ba. Shida, shida, shida. Alhaji Tanko ya fizge dais ɗin, ya ɗora kan dutse, ya fasa. Ga darma tana ƙyalli.

Na san abin da kuka ce, domin har tsakar gidanmu muryoyinku suka kai. "Macuci!" "Ashe gishirin nan duk rufa-ido ne!" Fuseini ya ce kada ya sake zama a bencin. A cikinku babu wanda ya tsaya ya ce, wane irin macuci ne wannan da ya shekara ashirin ana cinye shi? Shi kuwa ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa, ya tsince ɓaraguzan, ya taho. Bai faɗa muku dais ɗin na Inna ne ba, don ya san matanku na zuwa gaida Inna kullum, kuma maganar benci ba ta kwana ba ta isa bakin gadonta ba.

Ta isa kuwa, amma rabinta. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Bawa, ashe har darma kake sawa, kuma duk da haka nake cinye ka?"

Ya ce, "Sa'arki ta fi darma nauyi, Azumi." Kafin isha ya sassaƙa mata wani, ya ce nata ya ɓata.

Daga nan kuka daina kiransa yankan ragon suna, mutumin da shi ya yanka na yawancin 'ya'yanku. Wai hannun macuci ba ya albarka. Ya koma bin wani lungu zuwa masallaci don kada ya sa ku wahalar kau da kai. Da Inna ta rasu na roƙe shi ya je ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Da sun tambaye ni ranar, da na yi musu ƙarya. Amma ko tambayar ba su yi ba, Ramatu." Wannan ne ya ci shi, kuma ni har yau yana cina.

Sauran kwanakinsa a ƙofar ɗaki ya yi su da allo a cinya, ya jefa nasa, ya jefa nata. Na kan ji shi yana cewa, "Kai, matar nan! Shida kuma?"

Jiya Alhaji Tanko ya aiko wai a ba shi gwangwanin, a ajiye a benci don tunawa. Baba Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan bayar ba. Ka hau rufinka, akwai abin tunawa cike da kwano.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Inna Azumi da hannuwanta biyu lafiyayyu. 'Yar darmar nan kuma, ya Allah, ranar awo ka ɗora masa ita a gefen lada. Amin.