Lawal, Liman da Mamu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Malam Lawal, amma har yau in wayata ta ce za ta sabunta kanta, shi nake tunawa, in yi dariya.

A gida ɗaya muka yi haya a Tudun Wada, lokacin da kuɗin fetur ke shigowa kamar ruwan Agusta. Ni ina aikin fassara, shi yana kula da kwamfutar jami'a, wadda ta cika ɗaki guda mai sanyin da sai da rigar sanyi ake shiga. Kwamfutar tana da babbar manhaja a tsakiya mai juya komai, da ƙanana masu kwafi da jerawa da bugawa. Na zaga ƙasashe, na ji Larabawa da Faransawa suna kiran ta tsakiyar da sunan ƙwallon 'ya'yan itace. Lawal kaɗai na ji yana ce mata liman, ƙananan kuma mamu. Lokaci-lokaci kamfanin zai aiko da sabon liman a faifai, shi kuwa ba ya tsayawa inda tsohon ke tsayawa, sai sahu ya rikice. Aikin Lawal shi ne ya bi mamu ɗaya-ɗaya ya daidaita su.

Cikin ƙananan manhajojin akwai wadda ya rubuta da kansa. Injin bugawar bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya koya masa ya buga harafi, ya koma kansa ya ɗora ƙugiya.

Mahaifinsa malami ne a Gyallesu, bai taɓa son aikin ba. Yana so ɗansa ya dawo zaure ya gaji karantarwa. Da Lawal ya matsa da roƙo, sai uban ya ba mu wata waƙar wa'azi tasa a buga, na mai da ita boko daga ajami. Ya ce zai zo ya gani. In ƙarfen bai bambance baƙi da baki ba, Lawal ya tattara ya dawo gida.

A makon nan sabon liman ya iso. Aka gwada bugawa, sai ƙugiyoyin suka zame zuwa layin ƙasa, suna hawa haruffan da ba nasu ba. Abokin aikinsa, Mista Obi, ya ce, "Malam, mai da tsohon faifan na yini ɗaya mana. Baba zai sani ne?"

Lawal ya ce, "Obi, ran da ya dawo ba sanarwa fa? Kai za ka tsaya a ƙofa ka ce masa na tafi ƙauye?"

Ya zauna ya gano yadda sabon ke magana da injin bugawa, ya sake huda katunan da ake ba kwamfutar umarni da su, har sahu ya miƙe.

Baba ya zo, ya naɗe kunnuwansa da rawani saboda sanyi. A hankali yake karanta boko, da yatsa. Ya bi baitocin har ƙarshe muna tsaye.

"Wa ya koya masa ƙugiya?"

"Ni ne, Baba."

"Ya fi ka kyan rubutu. In an sake masa limamin naku fa?"

"Sai in sake koyarwa daga farko."

Baba ya naɗe takardar ya sa a aljihu. "Ashe kai ma karantarwa kake yi, ɗalibin ne ba ya riƙewa. Zauna, kada ka bar shi da jahilci."

Ranar Lawal ya saya wa duk gidan hayarmu tsire.

Da yana nan yau, ya ga waya tana sauya limaminta ba wanda ya kula, ba na jin zai yi mamaki. Tambaya zai yi: wa ke bin sahu? Don ya san in jikata ta rubuto min "Kaka, ina ƙaunarka" ƙugiyar ta fito daidai, to wani ne a wata ƙasa ya zauna ya gyara, ba wanda zai gode masa.

Kwamfutar an daɗe da fitar da ita, manhajar Lawal ta bi ta. Abin da ya rage shi ne mutanen da ya horar, da halin da ya bar musu na ƙin ɓoye matsala da tsohon faifai. Ya yi aikin da ba ya ƙarewa har ya yi furfura, da albarkar mahaifinsa, yana kuma jin daɗinsa. Allah Ya jiƙan su, uban da ɗan, Ya haskaka makwancinsu.