Yaron da Ba a Ɓoye a Rumbu Ba

Har yau ban huce ba, kuma ba na neman kowa ya ba ni haƙuri. A shekarar da aka zo ɗibar yara zuwa makarantar boko a ƙauyenmu, can bayan Kahu, an kwashi 'ya'yan mutane ana ja ana kuka, ni da na so a ɗauki nawa aka bar mini shi a tsaye.

Ɗan farina ne. Saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ba kuwa za ku gan shi a rubutuna ba, ko da yake sai da furfura ta fara fito mini na koyi riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta riƙe hannunsa a hanya. In an yabe shi ta kau da kai, in an zage shi ta haɗiye. Kaka ce ke da shi, ita ke goyo, ita ke faɗa dominsa. To, tamu kakar ta rasu yana ƙarami, ta bar ni da yaro da kunya.

Komai nasa a makare ya zo. Sa'o'insa na gudu yana rarrafe. Da magana ta zo, ta zo da nauyin harshe, kalma biyu ko uku sai ya tsaya ya huta. Aka ce ɗan ruwa ne, aka ce iska ce. Ya sha rubutu har na ce tawadar garin nan a cikinsa za ta ƙare. Muka kai shi ɗakin magani a Rano, mai duba marasa lafiya ya ce ba ciwo ba ne, halitta ce. Na ce da ma na sani, ƙafafunmu kawai muka wahalar.

Amma yana koyo, abin da mutane suka kasa gani ke nan. Ɗaurin mazagin wando damina guda ya ci mana. Ni ƙuli-ƙuli nake soyawa, sai in ja shi ɗaka inda babu ido, in ɗora hannuna a kan nasa muna ɓarar gyaɗa, yau, gobe, jibi, har hannun ya gane. Abin da ya shiga kansa kuwa ya shiga ke nan. Magana kuma a wajen yara yake tsintarta, yana bin su duk inda suka sa ƙafa.

Lokacin ana ta raɗe-raɗin Bature zai tattara ya tafi. Mutanenmu ba sa son boko. Wasu na tsoron ta ɓata yaro, wasu na tunanin wa zai kori tsuntsu a gero. Da labari ya zo cewa mai unguwa zai zaga da malamin makaranta, sai kowace uwa ta yi abin da aka saba: a ɗaga jinkar rumbu, a zura yaro kan dawa, a mayar a rufe.

Nawa yana tsaye yana kallo ana zura abokansa. Ya je ya kama zanen maƙwabciyarmu, dattijuwar da zana ɗaya ta raba mu.

"Ni ma," ya ce. "Ni ma rumbu."

Ta yi dariya. "Kai kuma wa zai ɗauke ka, angona? Je ka yi wasanka."

Ina ji. Na haɗiye, ɗan fari ne.

Mai unguwa ya iso da malamin, wani saurayi ɗan Kano mai wandon kaki yana tura keke. Suka tsaya a ƙofar maƙwabciya.

"Ina yaran gidan nan?"

"Sun tafi Rurum gai da kakarsu, ranka ya daɗe."

Gida na gaba, Rurum. Na gabansa ma Rurum. Malamin ya ce, "Lallai Allah ya yi wa tsohuwar nan ta Rurum arzikin jikoki."

Shi kuwa yaron nan, a ganinsa wasan ɓuya ake yi, kuma yara ba su taɓa barinsa ya zama mai nema ba. Yau ga dama. Ya kama gefen rigar mai unguwa ya ce, "Zo." Ya ja shi har gindin rumbun maƙwabciya, ya buga da tafin hannu.

"Na gan ka. Fito."

Ƙaiƙayi ya riga ya gama da na ciki, sai muka ji atishawa. Aka ɗaga jinka, ga jikan da ke Rurum ya fito fari fat da ƙura. Haka ya bi rumbunan unguwa ɗaya bayan ɗaya, yana bugawa yana dariya har yawu na zuba. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na ranar ba. Da ya juya ya nufi gidan mai unguwa kansa, dattijon ya ja birki.

"Ya isa haka, ɗan nan, ka gaji."

"Bai gaji ba, ranka ya daɗe," in ji malamin.

A can ma an samu ɗaya.

Aka jera yara, sai ya je ya shiga layi ya miƙe ƙirji. Malamin ya tsuguna ya tambaye shi sunansa. Ya faɗa, amma sai wanda ya saba da harshensa zai gane. Ya ce ya nuna masa yatsu uku, sai yaron ya miƙa hannu ya kaɗa ƙararrawar keke.

"Ina uwarsa?"

Ina bayan zana, ina leƙe ta wata 'yar kafa. Maƙwabciya ta ce, "Ɗan fari ne, Malam, ba za ta fito ba."

Malamin ya kama kafaɗarsa a hankali ya fitar da shi daga layi.

Matan unguwa suka daina amsa mini gaisuwa na wani lokaci. Yau a cikin waɗanda ya tono akwai malamin asibiti, akwai wanda ya yi aikin gona na gwamnati har ya gaji ya ajiye. Ko goro ɗaya babu uwar da ta kawo mana na godiya. Ina nan ina jira.

Fushinsu bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, kullum da safe sai ya bi yaran har gindin tsamiyar da ke bakin gari, su wuce, shi ya tsaya. A nan zai yini a tsaye sai sun dawo. Ya daina ɓarar gyaɗa. Kalmomin da ya sha wahala ya tara suka fara zubewa, tunda babu wanda zai faɗa wa. Wata rana na miƙa masa fura, maimakon ya ce "ƙara" kamar da, sai ya turo ƙwaryar kawai.

Ran kasuwar Kibiya na kai ƙuli-ƙuli, sai ga malamin ya tsaya saye. Na ce Allah ya kawo ka.

"Malam, kai ne mai zaɓen 'ya'yan mutane kamar kaji?"

Ya dube ni. "Iya, wanne ne naki?"

"Wanda ya yi maka aikin da ya gagari mai unguwa."

Ya yi dariya har ya dafa keke, sannan fuskarsa ta nutsu. "Wallahi ban ƙi shi ba. Ban san yadda zan koya masa ba ne. Inda aka koya mana malanta ba a yi mana maganar irinsa ba."

"Ni a ina aka yi mini? Kuma yana ɗaura wandonsa."

"Ɗaki ɗaya gare ni, Iya, cike da yara. In ya tashi ya fice, in bi shi ko in tsaya da saura? Da akwai mai zama kusa da shi, sai in ba shi allo da alli ya zauna daga bakin ƙofa. Amma an ce mini ɗan fari ne."

"An faɗa maka gaskiya. Ɗauki ƙulinka."

Da yamma maigida ya dawo daga gona, na bari ya wanke ƙafa ya sha ruwa, sannan na faɗa masa ni zan riƙa zama kusa da yaron a makaranta.

"Ke? A makaranta? Gefen ɗan fari? Me mutane za su ce?"

"Abin da suka saba. Sun ce ɗan ruwa, ban mutu ba."

"Ai da kunya."

"To kai ka je, Maigida."

"Ni ma ai ɗan farina ne. Ga gona kuma."

"Kunyar nan ta masu kaka ce. Tamu ƙasa ta rufe ta. Wa kake zaton ya koya masa mazagi da ɓarar gyaɗa, aljanun da ake cewa sun kawo shi?"

Ya daɗe yana kankare ƙasar bakin fartanya, wadda babu sauran ƙasa a jikinta. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma bai taɓa cewa "to" kai tsaye ba tun da na san shi.

"In za ki," ya ce, "ki tafi da gyaɗarki. Kada a ce zaman banza kike yi."

Washegari da safe na wanke wa yaron fuska, na bar shi ya ɗaura wandonsa da kansa. Na naɗe tabarma, na ɗora ƙwaryar gyaɗa a ka. A ƙofar gida na kama hannunsa, ya ɗago yana kallona, don bai taɓa jin hannuna a waje ba. Maƙwabciya na shara, ta saki tsintsiya.

"Ke 'yar nan, ina kunyar?"

"Tana rumbu, Iya. Na mayar da jinka na rufe."

Muka bi bayan yara. Da muka kai gindin tsamiya ya ja ya tsaya kamar yadda ya saba. Na ƙara damƙe hannunsa.

"Wuce," na ce. "Yau ba nan za mu tsaya ba."