Ranar da Salansa Ta Yi Ƙamshin Kifi

A kashe inji, a gyara tsayuwa! Ga Pyo Dokman na garejin bayan tashar jiragen ruwa ta Pyeongtaek, sarkin salansa, likitan hayaƙi, mutumin da tirela ke yi wa tusa a fuska ya ce ta ƙara. Gajere ne mai sanƙo, in ka cire hancin babu sauran abin kallo a jikinsa.

A wani tsibiri aka haife shi, inda kowa masunci ne. Uba ya kamo kifi, uwa ta shanya kifi, har bargon da ake rufa masa ƙarni yake yi. Yana tasawa ya hau jirgi ya gudo birni, ya rantse shi da kifi har abada. Garejin farko da ya shiga ya shaƙi hayaƙin dizal, ya ce ashe akwai turare a duniya.

Tun daga nan hanci ya zama jarinsa. A kawo mota tana tari, sai ya durƙusa bayanta ya ja numfashi, ya lumshe ido, ya ce matatar hayaƙi ta toshe da toka, ko sensa mai auna hayaƙin ta mutu. Yana da kwamfuta, yana kuma jona ta, amma sai bayan ya gama magana, wai don ta koyi aiki. Ba ya shan taba, ya hana matarsa shafa turare, da sanyi kuwa hancin yake fara naɗewa kafin ya nemi safa. Kuma ya sha faɗa a gaban direbobi cewa ranar da hancin nan ya yi masa ƙarya, ranar zai rufe gareji. Direbobi ba sa manta irin wannan magana.

Wata safiya wani direba, Bang Gilsu, ya shigo da tirelar da ya saya ta hannu, tana rarrafe, 'yar fitilar gargaɗi a kunne. Motocin yanzu haka suke: da kwamfutar ciki ta ga hayaƙi ya ɓaci sai ta rage wa inji ƙarfi, ko ka taka totur har ƙasa.

"Yaya, ka cece ni," in ji Gilsu. "Gobe za a auna hayaƙinta. Mai keke ma wuce ni ya yi a gada, har da ɗaga mini hannu."

"Tayar da ita, sarkin surutu."

Direbobin da ke cin taliya a shagon gefe suka fito da kwanoninsu, don kallon nan ba ya gundurar su. Dokman ya durƙusa, ya ja numfashi. Sai ya buɗe ido. Ya fyace majina, ya sake ja.

Gasasshen kifi ya ji, da ɗan tsamin giyar shinkafa a bayansa.

Motar ƙarfe ba ta da dalilin yin ƙamshin ɗakin girkin uwarsa. Ashe haka tsufa ke farawa, ta hanci?

"Me ka ji, Yaya?"

"Sensa ce," ya faɗa da ƙaramar murya. Bai taɓa yin ƙarya a bayan mota ba sai ranar.

Aka kwance murfin akwatin salansa aka sa sabuwar sensa, fitila ta ƙi mutuwa. Ya jona kwamfuta, ta ce laifin ruwan yuriya ne, wanda ake fesa wa hayaƙi daga tanki mai shuɗin marfi don ya rage dafinsa. Gilsu ya dafe ƙirji ya ce da hannunsa ya zuba, daga sabuwar jarka. Dokman ya zagaya ya saci wata shaƙar. Kifi dai, har ya fi na ɗazu gasuwa.

Ya zauna kan tsohuwar taya, ya cire safar hannu.

"Jama'a, ba sensa na ji ba. Kifi na ji."

Wani direba ya ƙware da taliya. "Kifi? Ɗanye ko soyayye, Oga?"

"Gasasshe. Da giya."

"To ai hancin ya yi ritaya ya tafi biki ya bar ka!"

Dokman ya tashi ya ɗauko kwaɗon ƙofa. Gilsu ya riƙe masa riga yana cewa ya rufe jibi mana, ba yau ba.

Ana cikin haka tasi ta tsaya, uwar Gilsu ta fito, 'yar tsohuwa mai sanda, ɗauke da ƙullin abincin ɗanta, shinkafa da kimci, kabejin nan mai tsami da yaji. Tana ganin an kwance murfin akwatin salansa ta ɗaga sanda.

"Kai! Kada wanda ya taɓa mini kifi!"



"Iya, wane kifi?" in ji Dokman, kwaɗo a hannunsa.

"Na tsarin mota mana. Wa ke sayen mota bai ɗaure mata busasshen kifi da farin zare ba? Waccan motar tasa ta baya na ɗaura masa a gaban sitiyari, wannan marar kunya ya jefar wai yana wari. Ina ta ƙare? A kwalbati! Shi ya sa wannan karon na cusa shi inda idonsa ba zai kai ba."

"Giyar fa, Iya?"

"Na zuba wa kowace taya rabonta, kamar yadda ake yi. Ragowar na ga tanki mai shuɗin marfi, mai kyau da shi, na juye mata. A jiƙa wa baƙuwa ƙafa a bar ta da ƙishi?"

Dokman ya jefar da kwaɗo, ya shige ƙarƙashin mota kamar ɗan yaro. Ga shi nan kuwa saman akwatin, naɗe da zare, ya yi baƙi ƙirin, baki buɗe. Mutumin da ya tsallake teku don gudun kifi ya fito rungume da shi yana hawaye, yana kai shi hancin kowane direba. "Shaƙa! Kai mai maganar ritaya, shaƙa da kyau!"

Aikin bai yi wuya ba. Aka zuƙe tankin, aka ɗauraye shi da tiyonsa, aka zuba sabon ruwa, aka bar inji ya yi zafi ya ƙone tokar matata. Rigimar tana wajen Iya, da ta zauna kan matakalar mota ta ce babu inda za ta je sai an mayar wa mota kifinta. Dokman da kansa ya yanke hukunci: a sayo sabo, a rataye shi daidai hancin Gilsu, in ya taɓa shi kada ya sake tako garejin nan.

Washegari mota ta ci awo. Gilsu ya wuce ta gaban gareji yana danna hon, tagogi duk a buɗe, ga sanyi kamar zai tsaga kunne.

Ni kuwa mai ba ku labarin nan, na sami Dokman yana wanke sifana a ƙofar garejinsa da ke buɗe wangame. Na cire hula na rusuna, na ce masa na zo ne in rubuta tarihinsa, don jikokin jikoki su san an taɓa yin gwarzo a garin nan.

Bai ko ɗago ba.

"Rubuta. Amma matsa can, kana tare mini haske."