Mai Lamba Hamsin da Huɗu

Ni dai tun asali ba na sayen abu a rufe. Atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Rood Woko, kuma wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san leda ɗaya ce ke ɗaukar ta gaske da ta jabu, sai ka warware ka shafa. Shi ya sa ranar da aka fara nuna mini ƙwallon Amurka a salula, na ga ƙarti sun kifa hular kwano sun cusa katifu a kafaɗa, na ce wasan nan bai kwanta mini ba. Mutum ya shiga fili ba a ganin fuskarsa? Mu nan Wagadugu da muke wuni a kan moto ma ba mu damu da hular kwano ba.

Ɗan yayana ne ya jawo mana wasan cikin unguwarmu ta Zango. Ƙato ne tun yana ƙarami. Ƙwallon kwando ta kai shi Amurka karatu, can suka dubi faɗin kafaɗarsa suka sauya masa wasa, suka sa shi a ƙungiyar makarantarsu, suka ba shi lamba hamsin da huɗu. Duk Lahadi sai ya turo guntayen bidiyon wasan jiya, sannan ya kira ubansa. Yaya kuwa, mutumin da bai taɓa zama kallon ƙwallo ba a rayuwarsa, sai ya mai da ƙofar shagonsa na goro majalisa. Bayan la'asar a ɗora shayi, a jingina salula da tulun ruwa. Mu huɗu ne: Yaya, da ni, da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan Nijar, da mai gyaran moto na bakin layi.

Wallahi ba wanda ya san dokar wasan a cikinmu, amma hakan bai hana gardama ba. Ƙwallon kamar gwanda, mutane su yi karo, su zube, su tashi su haɗa kai su yi shawara, su sake karo. Aikin yaronmu shi ne ya kayar da duk wanda ya riƙe ƙwallo. Direba ya ce ɗan wasan da ba ya taɓa ƙwallo ai ɗan dako ne. Mai gyaran moto ya ce kai direba, birki ma ba ya juya taya, amma ka cire shi ka gani. Shi mai gyara gabarsa da mai jefa ƙwallo ce, kullum sai ya ce a sallame shi, hannunsa ya mutu. Direba ya ce a'a, mai horar da su za a kora, tunda yana ajiye ɗan Zango a benci rabin wasa. Yaya kuwa sai murmushi, yana raba goro.

Daminar da ta biyo, sai ga labari an kori mai horarwar. Direba har da tafi, ka ce shi ya sa hannu a takardar. Sabon da ya zo ya tankaɗe ƙungiyar, ya zubar da mutane da yawa, har da mai jifan nan. Yaronmu ya ce wa ubansa shi ya tsira. Aka yi hamdala.

Daga nan ne hankalina ya daina kwanciya.

Lamba hamsin da huɗu ya dawo fili kamar an canja masa inji. Da can sai ya yi taku uku kafin ya ɗauki gudu, yanzu kafin ka ƙifta ido ya tumurmushe mutum. Direba ya ce ai ga abin da yake faɗa, an samu mai horarwa na ƙwarai. Ni kuwa na ce a raina, da walakin, goro a miya. A bara, in an tashi wasa yaron yakan cire hula ya ɗauki hoton fuskarsa jiƙe da gumi ya turo. Bana babu. Bidiyon duk daga nesa, mutane kamar tururuwa. Kiran ma ya koma murya zalla, wai cibiyar sadarwa ba kyau. A Amurka? Kuma wata Lahadi da Yaya ya buɗe murya don mu gaisa, na ji ƙarar kwanoni da ruwan famfo a bayan maganarsa. Na ce, “Ɗana, a ina kake haka?” Ya ce ɗakin cin abincin 'yan wasa ne. Na ce to.

Na taɓa gwada faɗa a majalisa. Na ce, “Ni fa yaron nan ya yi mini gudu da yawa.” Direba ya kwashe da dariya, ya ce, “Kai mai atamfa, ko Aljanna aka sa ka sai ka shafa ka ji ko jabu ce.” Yaya ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Na haɗiye sauran. Amma tsoro nake ji, ba wasa ba. In ba shi ba ne a cikin hular, to yana ina? Ya karye ne? An kore shi daga makarantar? Yaro shi kaɗai a ƙasar da ba mu da kowa.

Direba ne ya ɓallo ruwa, kuma da kyakkyawar niyya. Ya yi kwanaki a kan iyaka yana jiran takardun kaya, zaman banza ya sa ya tono cikakken wasan a intanet. Ya zo Lahadi yana rawar jiki, ya ce yau za mu ga ɗanmu kusa da kusa. Aka jingina salula. Lamba hamsin da huɗu ya kayar da wani, ya miƙe, ya ɗaga hannu sama, kyamara ta matso. Fuska dai tana cikin hula. Amma hannun, daga kafaɗa har wuyan hannu, zane ne baƙi ƙirin, irin wanda ake yi da allura ba ya fita.

Shayi ya tafasa ya zube a kan gawayi, ba wanda ya sauke.

Mai gyaran moto ya ce a hankali, “Alhaji, yaushe yaron ya yi wannan?”

Direba ya yi salati. Ni kuwa zuciyata ta ce, ga shi nan, yanzu Yaya zai ce wannan ba ɗansa ba ne. Yaya ya ɗauki salular, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe. Sannan ya ajiye ya ce, “Yaran zamani. Zan yi masa faɗa. Amma kun ga yadda ya kayar da wancan?”

Kafin Juma'a magana ta zaga Zango. Ɗan Alhaji mai goro, wanda ya yi saukar Alƙur'ani a layin nan, ya je Amurka ya zane jikinsa kamar bangon makaranta. Mata suka kai ta gidan suna. A masallaci na ga wani dattijo ya ba Yaya hannu da kan yatsu. Yaya ya shanye. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ranar Asabar da safe ban buɗe rumfa ba, na hau moto na same shi. Yana zaune yana tsince goro, yana canja ganye yana yayyafa ruwa.

Na ce, “Yaya, ka gafarce ni, amma wancan ba ɗanka ba ne. An cire shi, an ba wani lambarsa. Ƙarya yake maka.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Sai yanzu ka gane?”

Na tsaya da makullin moto a hannu.

Ya ce, “Ɗana tun da ya faɗo daga katanga yana ƙarami, ƙafarsa ta hagu waje take kallo in zai ɗauki gudu. Bidiyon farko na bana na duba ƙafar. Ni na haife shi.”

Na ce, “To don Allah me ya sa ka bari ana zagin ka a kan zanen wani ƙato da ba mu san uwarsa ba? Ka faɗa musu gaskiya mana!”

Ya ce, “In na faɗa a majalisa, kafin magariba wani ya rubuta masa. Ka san shi da kunya, irin ta uwarsa. Ran da ya san na gane, ya daina kira ke nan. Yanzu kuwa duk Lahadi ina jin muryarsa. Ina jin yana numfashi daidai, ina jin kwanoni, na san yana aiki, yana ci. Zagin Zango ba ya kashe mutum. Ka bar mini baƙon nan na cikin hular, shi yake kawo mini ɗana.”

Na zauna na taya shi tsince goro, abin da ban yi ba tun muna yara.

Washegari majalisa ta zauna kamar kullum. Direba da mai gyara suka kama gardama a kan sabon mai jifa, wannan ya ce a riƙe shi, wancan ya ce a mayar da na da. Sai salula ta yi ƙara. Yaya ya ɗauka, ina kusa da shi, ina jin kwanonin nan.

Ya ce, “Mun ga wasa, Allah ya yi albarka.” Sannan ya ce, “Ƙafar hagun fa? Na ga bana ta miƙe.”

Can aka kashe famfo. Har na ɗauka layin ya yanke, sai na ji ƙaramar murya ta ce, “Baba...”

Yaya ya miƙe, ya nufi cikin shago da salula a kunne. Kafin ya ja ƙofa na ji ya ce, “Ina jin ka, ɗana. Ba sauri nake ba.”

Direba ya dube ni ya ce, “Lafiya?”

Na ce, “Zuba shayi.”